Sarrafa Kwamfutar Gida Daga Nesa da Na'ura Mai Araha

Sarrafa kwamfuta daga nesa wata dabara ce da ke bai wa mutum damar yin aiki da kwamfutar da ya bari a gida alhali yana wani gari, ta hanyar amfani da ƙaramar na'ura da bai kashe mata kuɗi mai yawa ba, kamar tsohuwar wayar Android ko ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, na'urar da ke hannu ba ta ɗaukar nauyin aikin, domin iyakarta ta aika da abin da aka latsa ta kuma nuna hoton da ya dawo, yayin da lissafi da ajiyar bayanai da gudanar da manhajoji duk suke faruwa a can gida.

Tunanin ya girmi intanet ɗin da aka sani a yau, domin tun a shekarar 1961 masana a cibiyar MIT ta Amurka suka nuna tsarin da mutane da dama ke amfani da babbar kwamfuta guda a lokaci ɗaya, kowa ta tasa mashigar. A 1995 Tatu Ylönen, wani mai bincike a ƙasar Finland, ya ƙirƙiro SSH, wato ƙa'idar aika umarni a rubuce zuwa wata kwamfuta cikin sirri yadda mai leƙen hanya ba zai iya karantawa ba. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka samar da VNC a wani ɗakin bincike da ke Cambridge ta Ingila, wanda ke kwaso hoton fuskar kwamfuta baki ɗaya, sannan kamfanin Microsoft ya fito da tasa hanyar mai suna RDP a 1998. Bambancin da ke tsakaninsu yana da muhimmanci ga mai sayen data, saboda rubutu ba ya cin komai idan aka gwada shi da hoton da ke sauyawa kowace daƙiƙa.

Faɗuwar farashin na'urori ce ta kawo dabarar hannun mai ƙaramin ƙarfi. A watan Fabrairun 2012 gidauniyar Raspberry Pi ta Ingila ta fara sayar da kwamfuta mai girman katin banki a kan dala 35, kuma a 2015 ta fito da Pi Zero a kan dala 5. Irin wannan na'ura ta fi amfani idan aka ajiye ta a gida tana aiki dare da rana, tamkar mai gadi a zaure, domin wutar da take sha kaɗan ce ƙwarai. Idan mai gida ya tuntuɓe ta daga nesa, sai ta aika wa babbar kwamfutar wani ɗan saƙo da ke ɗauke da lambar katin sadarwarta a maimaice har sau 16, katin kuwa da ya ga lambarsa sai ya tayar da kwamfutar, matuƙar an riga an kunna wannan zaɓi a saitinta kuma tana jone da wuta.

Babban cikas shi ne gano gidan a cikin intanet. Tsohon tsarin adireshi, IPv4, yana da kimanin adireshi biliyan 4.3 ne kawai, kuma babban rumbunsa ya ƙare a farkon 2011, shi ya sa kamfanonin waya ke haɗa dubban masu hulɗa a kan adireshi ɗaya. Wanda intanet ɗin gidansa ke zuwa ta layin waya, kamar yadda lamarin yake ga mafi yawan mutane a Najeriya da Nijar, galibi ba shi da adireshin kansa da za a ƙwanƙwasa daga waje. Manhajoji irin su TeamViewer da AnyDesk na ƙasar Jamus, da Chrome Remote Desktop na Google, suna warware matsalar ne ta hanyar sa ɓangarorin biyu su tuntuɓi wata kwamfutar tsakiya wadda za ta sada su. Wasu kuma suna gina keɓantacciyar hanya ta sirri da WireGuard, wadda aka shigar cikin ginshiƙin Linux a 2020.

Bayan adireshi sai wutar lantarki, wadda idan aka ɗauke ta komai ya tsaya, don haka tilas ne kwamfutar da na'urar rarraba intanet su dogara da batir ko sola, a kuma saita kwamfutar ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo. Haka nan saurin aika bayanai daga gida ya fi saurin saukewa tasiri, tunda daga can hoton ke tasowa, kuma idan ya yi rauni sai a taɓa allo a jira kafin kibiyar linzami ta motsa. Rage girman hoto da yawan launuka kan sauƙaƙa wannan jinkiri.

Batun tsaro ne ya fi kowanne nauyi, domin ƙofar da mai gida ya buɗe wa kansa ita ce masu kutse ke lalube. Ƙofar RDP, mai lamba 3389, tana cikin waɗanda aka fi kai wa farmaki, kuma a 2019 an gano wani giɓi mai suna BlueKeep wanda ya tilasta wa Microsoft fitar da gyara har ga Windows XP da ta daɗe da daina kulawa da ita. 'Yan damfara kuma kan kira mutum da sunan ma'aikatan banki su lallashe shi ya saka manhajar sarrafawa daga nesa, sannan su kwashe abin da ke asusunsa.

Saboda haka arahar na'ura ba ita ce ma'aunin nasara ba. Duk mai son bin wannan hanya ya fara tanadar tsayayyar wuta, da doguwar kalmar sirri, da tantancewa mai mataki biyu, ya riƙa sabunta manhajojinsa, kuma kada ya miƙa wa baƙo lambar shiga komai daɗin bakinsa.