Jita Mai Kwano A Ciki: A Fara Jin Muryarta Kafin A Jona Ta Da Lantarki

Akwai wata irin jita wadda in mutum ya hange ta a kanti sai ya tsaya, ko da bai taɓa kaɗa tsirkiya ba. A gabanta akwai murfin ƙarfe mai huji-huji kamar rariya, wata ma jikinta duka ƙarfe ne, yana ƙyalli kamar sabon tire. Mai kyau daga cikinsu, balle wadda ake jonawa da lantarki, kuɗinta kan cinye albashin wata da watanni. Don haka muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin abin da za su duba kafin su kwance bakin jaka, gama an sha biyan kuɗin ƙyalli a baro murya a kanti.

Asalinta daga Amurka ne. Wajen 1925 jita ba ta da ta cewa in an haɗu da masu busa da masu ganga, sai dai a ga hannun makaɗi yana motsi. Wani makaɗi, George Beauchamp, ya kai kukansa wurin John Dopyera, wani mai gyaran kayan kiɗa a Los Anjalas, haifaffen ƙasar Silobakiya. Dopyera ya ƙera kwanoni uku na alminiyam, marasa kauri ƙwarai, masu siffar malfa, ya sa su cikin jita, ya ɗora jakin tsirkiya a kansu. A 1927 kamfaninsu, National, ya fara sayar da ita. Wanda ya san garaya ko gurmi ya riga ya gane dabarar: jaki yana zaune kan fata, fata ita ke magana. A nan kwanon shi ne fatar. Ba a daɗe ba Dopyera ya bar kamfanin, ya kafa Dobro tare da 'yan'uwansa, sunan da kamfanin Gibson ya saya a 1993.

To, daga wannan rabuwa aka sami iri uku, kuma wajibi ne mai saye ya san wadda yake so. Mai kwano uku, kowane inci 6, muryarta da taushi, tana kuwa daɗewa kafin ta mutu. Mai kwano ɗaya na inci 9 da rabi, tsininsa yana duban sama, an ɗora masa wani ɗan katako zagayayye da ake kira biskit. Ita wannan tsawa gare ta, ta fito da ƙarfi ta yanke nan da nan. Irinta ce Son House da Bukka White, mawaƙan baƙar fata na jihar Misisifi, suka yi suna da ita. Ta uku ita ce ta Dobro, an juya kwanon yana kallon sama kamar akushi, jakin yana bisa wani ƙarfe mai ƙafa takwas da ake kira gizo-gizo. Muryarta kamar ta hanci take, mai ja.

Yanzu ga inda gizon yake saƙa. An ƙirƙiro kwanon nan ne don jita ta yi ƙara ba tare da lantarki ba. Shi kansa Beauchamp ɗin ya koma ya haɗa kai da Adolph Rickenbacker, a 1932 suka fitar da jitar lantarki, wadda daga baya ta kashe wa mai kwano kasuwa. Watau yau ba don ƙara ake sayen mai kwano ba, lasifika ta ɗauke wannan nauyi. Don muryar kwanon kaɗai ake sayenta. Ke nan tambayar da za a yi game da ta lantarki ita ce, shin muryar kwanon tana isa lasifika?

Sau da yawa ba ta isa. Na'urar da ke ɗaukar sauti a yawancin masu araha maganaɗisu ne da aka naɗe da waya, an kafa shi kusa da wuya. Maganaɗisu kuwa motsin tsirkiyar ƙarfe yake ji, ba ya jin alminiyam, sai ɗan abin da ya biyo ta tsirkiyar. Mutum ya jona, ya ji sauti mai daɗi, amma na jitar lantarki ce wadda kowa ya sani, kwanon yana ciki yana magana shi kaɗai. Akwai wata na'ura dabam, ana ce mata fiyezo, wadda ake liƙawa a jikin biskit ko gizo-gizo, ita ce ke jin rawar kwanon kansa. Aibinta, in ita kaɗai ce, sautin kan yi kaifi kamar ana kankare tukunya, kuma takan bukaci ƙaramin abin ƙara ƙarfi mai batir. A ganinmu wadda ta fi ita ce mai duka biyun, da maɓallin gauraya su, kamar Resolectric ta kamfanin National Reso-Phonic da aka kafa a Kalifoniya a 1989. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a jona, a danne tsirkiyoyi da tafin hannu, a ƙwanƙwasa jakin da farce. In ƙwanƙwasar ta fito sarai ta lasifika, akwai abin da ke sauraron kwanon.

Amma kafin a kai ga wannan, a kaɗa ta ba waya. Kwanon kirki juya shi ake yi a kan inji, maƙeri yana danna faifan alminiyam da sanda har ya ɗauki siffa, shi ya sa ake ganin zirin layuka a jikinsa in an leƙa ta hujin murfi. Na araha buga shi ake yi da inji sau ɗaya, yakan yi kauri, muryarsa a toshe. A kaɗa kowace tsirkiya da ƙarfi, a kasa kunne. Kakkarwa ko ƙarar gwangwani alama ce kwanon bai zauna daidai a gurbinsa ba, ko ya lotsa, ko wata ƙusa ta saki. Wannan kam yana gyaruwa, har sabon kwano ana saye a sa.

Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne wuya. Da farko a tabbata ba mai wuya murabba'i aka miƙo ba, domin ita kwantar da ita ake yi a cinya a goga ta da guntun ƙarfe, tsirkiyoyinta sun yi nesa da itace, yatsa ba ya danne su. Mai zagayayyen wuya ita ake riƙewa yadda aka saba. Sa'an nan a kaɗa tsirkiya a sake, a kuma danne ta a mataki na 12, wanda shi ne tsakiyarta. Murya ɗaya ya kamata a ji, ta biyun ta fi siranta kawai. In ta kauce, a yi hattara, gama jakin nan a kan kwano yake, ba ya matsawa gaba ko baya kamar na sauran jitocin lantarki. Mai shafa tsirkiya da wuyan kwalba yana iya haƙuri da ɗan kaucewa, kunnensa ke gyara masa. Mai danna yatsa ba shi da wannan dama.

Jiki kuwa, na baƙin ƙarfe ya fi kaifin murya, na tagulla ya fi zagaye, na katako ya fi sanyi da sauƙin ɗauka. Ta ƙarfe tana iya kai kilo 4, saboda haka a rataya ta a kafaɗa a tsaya da ita kamar minti goma a cikin kantin. Kafin a sauke ta, a ƙara muryar lasifika zuwa yadda za a yi wasa a gaban jama'a, a juyo da fuskar jitar wajenta. Kwano yana amsa ƙara kamar yadda yake bayarwa, waɗansu tun ba a kai rabi ba sun fara kuka.