Ciwon Daji a Gidajen Latino: Wa ke Kula da Mai Jinya?

A shekarar 1995 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Los Anjalis na ƙasar Amurka, inda aka yi wa tsofaffi 800 wannan tambaya: idan likita ya gano cewa ciwon daji ya riga ya bazu a jikin mutum, ya dace a gaya masa? Cikin Turawa, kashi 87 bisa ɗari suka ce a gaya masa. Cikin 'yan asalin Meziko kuwa, kashi 65 ne kacal. Da yawansu na ganin labari mai nauyi irin wannan iyali ne ya kamata su fara ji, su kuma yanke shawara.

Mutanen Meziko su ne mafi yawa a cikin al'ummar da ake kira Latino, wato mazauna Amurka da tushensu ke Latin Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kuma ciwon daji na sahun gaba cikin cututtukan da ke kashe su. Suna da wata ɗabi'a da ake kira familismo da Sifaniyanci, ma'ana fifita iyali a kan kai. Saboda haka da wuya a ga maras lafiyarsu ya je asibiti shi kaɗai.

Wannan zumunci abin yabo ne, amma galibi kan mutum ɗaya nauyin ke faɗawa, mata ko 'ya. Ita ke dafa abinci, ta ba da magani, ta yi tafinta tsakanin likita da mahaifinta, sannan ta tafi wurin aikin da in ta yi fashi babu lada. Ga kunyar ta ce ta gaji.

To, jiki ba ya ɓoye irin wannan wahala. Idan damuwa ta daɗe, wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda sukan yi ta zuba sinadarin kotisol a cikin jini. Kaɗan daga cikinsa na da amfani, amma ɗorewarsa na dagula barci da garkuwar jiki. Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohayo sun yi wa mata masu jinyar 'yan uwansu masu ciwon mantuwa ɗan ƙaramin rauni a hannu, suka zuba ido. Nasu ya ɗauki kusan kwana 49 kafin ya warke, na matan da ba sa jinya kuwa kwana 39. Ba masu ciwon daji suke jinya ba, amma damuwar iri ɗaya ce.

Wannan ya sa Terry Badger da Chris Segrin na Jami'ar Arizona suka haɗa maras lafiya da mai jinyarta cikin shiri ɗaya. Sun lura cewa idan hankalin ɗaya ya tashi, na ɗayan ma yakan bi. Suka riƙa kiran matan Latino masu ciwon dajin mama ta tarho har mako 8, da Sifaniyanci ga mai so, suna kuma kiran wanda kowacce ta zaɓa, miji ko 'ya ko ƙawa. Wasu an ba su shawara kan damuwa da zamantakewa, wasu kuwa bayanin ciwon da maganinsa kawai aka yi musu. A rahoton 2013, ɓangarorin biyu duk sun sami sauƙi, su da masu jinyarsu. Abin lura a nan shi ne, bayani tsagwaronsa cikin harshen da mutum ke ji bai gaza shawarar ƙwararru ba.

Kada ɗalibi ya ɗauka hirar tarho na rage girman ƙari. Wannan aikin tiyata ne da magunguna. Batun ɓoye labari kuma, a yau likitoci da dama kan fara tambayar maras lafiyar kansa: nawa yake son ji, kuma wa yake so ya zauna kusa da shi idan za a faɗa.