Gidan Raino: Abin da Ya Kamata a Rubuta Kafin a Miƙa Yaro

 Shirinmu na musamman na yau zai leƙa wani gida da ba a kafa masa allo a ƙofa ba, amma tun ƙarfe bakwai na safe ake ta sallama a cikinsa, wato gidan raino.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai juna biyu hutun mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa ma'aikatanta zuwa mako 16, jihar Kaduna kuma ta kai nata wata shida a 2019. Sauran mata, malamar makarantar kuɗi da nas a asibitin kuɗi da ma'aikaciyar banki, sukan koma aiki jariri bai ko fara zama ba. A da akwai kaka a gida, ko ƙanwa, ko 'yar raino. Yau a gidan haya a Abuja ko a sababbin unguwannin Kano, kaka tana can garinsu, ƙanwa tana makaranta. Sai maƙwabciya ta ce, "Ki kawo min shi mana." Yaro ɗaya ya zama uku, uku ya zama takwas, abin da aka fara don alheri ya koma sana'a.

Sana'a ta girma, amma yarjejeniya tana nan inda aka bar ta. Uwa ta ce, "Ga amana nan." Mai raino ta ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa." Shi ke nan. Kunya ta hana uwa tambayar wa da wa ke shigowa gidan, kunya ta hana mai raino tambayar ko yaron yana da wata lalura. A ganina babban amfanin takardar yarjejeniya shi ne ta yi wa kowaccensu tambayar da bakinta ya yi nauyin yi.

A Ingila wannan sana'a tana da doka. Duk wadda za ta riƙe yara 'yan ƙasa da shekara takwas a gidanta fiye da awa biyu a rana, kuma a biya ta, sai ta yi rajista, yawanci da hukumar Ofsted, wadda ta karɓi wannan aiki a 2001. Mace ɗaya ba za ta wuce yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas ba, har da nata na cikinta. A cikin shidan, uku kawai ne za su kasance ƙasa da shekara biyar, jariri ɗan ƙasa da shekara guda kuma ɗaya tak, in ba da wani dalili kamar tagwaye ba. Duk wanda ya kai shekara 16 a gidan sai an binciki ko ya taɓa aikata laifi, mijinta ne ko ɗanta. Ita kuma sai ta koyi taimakon gaggawa na yara, ta sabunta shi duk shekara uku. Tun 2003 aka haramta mata dukan yaro, ko da iyayensa sun ce ta doke shi.

Ba wai a kwaso dokar Ingila a dasa a Rijiyar Zaki ko Rigasa ba. Amma adadin nan abin dubawa ne. Mace mai hannu biyu, jarirai huɗu suna kuka lokaci guda, ga tukunya a kan wuta, ga rijiya a tsakar gida ba murfi. Kirkinta ba zai ƙara mata hannu na uku ba.

Mu zo kan magani, don nan ne aka fi yin ganganci da kyakkyawar niyya. A can Ingila ba a ba yaro ko da farasitamol sai da rubutaccen izinin iyaye a kan wannan maganin takamaimai, a rubuta lokacin da aka ba shi, a gaya wa uwa a ranar. Asfirin kuwa sai in likita ne ya rubuta. A nan, jikin yaro ya ɗan yi ɗumi sai a jawo ragowar maganin ruwa da ke kan firiji tun bara. Uwa ta ba shi da safe kafin ta fito ba ta faɗa ba, mai raino ta ƙara masa da hantsi ba ta sani ba. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma ba ya nuna alama da wuri. Masu sauraro da yawa za su tuna maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 saboda wani sinadari mai guba da aka samu a cikinsa. A 2022 irin haka ta faru a Gambiya da maganin tari, yara kusan 70 suka rasu. In irin wannan ta taso aka ce a janye magani daga kasuwa, uwar da ba ta san abin da aka ɗura wa ɗanta ba, me za ta gaya wa likita?

Kuma kada a ce magani na kanti kaɗai ake nufi. Jiƙo da rubutu da zuma duk su shiga takarda. Zuma musamman: likitoci sun hana ba jariri ɗan ƙasa da shekara guda, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jiki, wadda hanjin jariri ba ya iya turewa. Maganin mura mai sa barci kuwa, a ba yara don gida ya yi tsit, wannan ko uwa ta sa hannu mai raino ta ƙi.

Ita ma uwa akwai nata. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar yara masu sikila, kimanin 150,000 a shekara. Zazzaɓi ga irin wannan yaro ba abin jira a tashi daga aiki ba ne. Wasu iyaye sukan ɓoye lalurar, ko asma, ko farfaɗiya, don gudun surutun unguwa. To, ranar da yaro ya fara jijjiga, mai raino da ba a gaya wa komai ba sai ta nufi cokali ta cusa masa a baki, alhali abin yi shi ne a kwantar da shi a gefe, kada a sa masa komai a baki, a nufi asibiti. Takarda ta faɗi wane asibiti, ta ba mai raino izinin kai shi ba sai an sami uwa a waya ba, da lambobi biyu ko uku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, amma kowa ya san kati da magani sai da kuɗi, don haka a ajiye wani abu a hannun mai raino tun farko.

Sai maganar wa zai ɗauki yaro. Mu mutane ne masu dangi, kowa kawu ne, kowa gwaggo ce. Kano ba ta manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a Disamban 2021 aka kashe ta ba. Wanda ya ɗauke ta ba baƙo ba ne, mai makarantar da take zuwa ne, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Sanin fuska bai isa ba. A rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauka, in wani daban zai zo uwa ta kira da bakinta. Inda aure ya mutu ana takaddama kan riƙon yaro, lallai mai raino ta sani, kada a mayar da zaurenta kotu.

Hoto ma haka. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da amincewar iyayensa, saboda haka ɗora hoton 'ya'yan mutane a Facebook ko WhatsApp don tallar sana'a sai an tambaya. Kuɗin wata, ranar biya, abin da za a ƙara in uwa ta makara, da kwana nawa mai gudawa ko ƙyanda zai zauna a gida, duk layi ɗaiɗai ne, a rubuta a wuce.

Akwai izini guda da ya fi shafar mu fiye da Turawa, shi ne shayarwa. Sau da yawa mai raino ita ma tana da goyo. Jariri ya ƙi kwalba, ya yi ta tsala kuka, uwa tana bakin aiki, tausayi ya sa ta ɗora shi a nono. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon da ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na farko, ko tsotsa ɗaya ce, ya mayar da ita uwarsa ta shayarwa, 'ya'yanta kuma 'yan'uwansa, babu aure a tsakaninsu. Malamai sun ce ko a kofi ko a kwalba ya sha hukuncin ɗaya ne. Ke nan in iyaye mata uku suka tatso nono suka kawo aka jera a firiji ba suna a jiki, aka yi musaya, an ƙulla 'yan'uwantaka ba wanda ya sani. Ga kuma batun lafiya, tunda cuta mai karya garkuwar jiki tana bi ta nono. Don haka uwa da uba su faɗa a rubuce ko sun yarda a shayar da ɗansu ko ba su yarda ba, kowace kwalba a manna mata suna. In kuma an riga an shayar, a sanar da gidajen biyu, a rubuta sunan yaron da na matar da ranar, kowane gida ya adana kwafinsa, domin yaran unguwa ɗaya ne, kuma bayan shekara ashirin ana iya kawo kuɗin gaisuwa.