Ko Ka Sani? Allurar Keken Ɗinki Ba Ta Ratsa Yadi Ta Wuce

Mai ɗinkin hannu yakan soka allura ta wannan gefe, ya zaro ta ta wancan, zare na biye da ita. Keken ɗinki ba ya yin haka. Allurarsa leƙawa kawai take yi ƙarƙashin yadi ta dawo ta inda ta shiga. Shi ya sa kafarta take can wajen tsini, ba a gindi ba kamar ta hannu. To, in allura ba ta wuce ba, me ke riƙe ɗinkin?

Sirrin yana ƙarƙashin farantin ƙarfen nan da yadi ke bi ta kansa. Allura takan sauka da zaren sama har iyakarta, sannan ta fara hawowa. Da ta ɗago da kamar milimita biyu, sai zaren ya ɗan saki ya yi kunne a bayanta. A daidai wannan ƙiftawar ido wata ƙugiya mai tsini take isowa, ta cafki kunnen, ta zagaya da shi bayan kwarkwaron da ke ɗauke da zaren ƙasa. Sai sandar nan da ke hawa da sauka a goshin keken ta ja zaren sama ta tsuke shi, zare biyu su sarƙe a tsakiyar yadi. Daga nan haƙoran keken su ɗago, su tura yadin gaba, su nutse, su koma baya. An yi ɗinki ɗaya ke nan. Keken gida mai lantarki yakan maimaita wannan sau 800 zuwa 1,000 a minti guda, na masana'anta kuwa yakan kai 5,000. Tazarar da ke tsakanin tsinin ƙugiya da jikin allura ba ta wuce kaurin takarda ba. In ƙugiya ta yi sauri ko ta makara, sai ta iske babu kunnen da za ta kama, keke ya riƙa tsallake ɗinki. Duk abin da ake kira sabis ɗin keke, a nan ya tattaru: a tabbatar allura da ƙugiya suna haɗuwa a kan lokaci, kuma babu abin da ya shiga tsakaninsu.

Ba mutum ɗaya ya ƙago wannan dabara ba. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar kekensa mai zare ɗaya a 1830, har ya buɗe wurin ɗinka kakin soja a birnin Faris, amma ba a jima ba teloli suka far wa wurin suka farfasa kekunan don tsoron rasa abincinsu. A Amurka, Elias Howe ya yi rajistar ɗinki mai zare biyu a 1846, Isaac Singer ya fito da nasa keken a 1851, suka shiga kotu, Howe ya yi nasara a 1854. A wannan shekarar ce kuma Allen Wilson ya yi rajistar haƙoran da ke tura yadi. Abin da ya shigar da keke gidajen talakawa shi ne sayarwa a kan biya kaɗan-kaɗan, wanda kamfanin Singer ya soma a 1856.

Masu bargon ƙyallaye

A Amurka da Birtaniya akwai dubban mutane, galibi mata, da suka ɗauki ɗinkin bargon ƙyallaye a matsayin abin sha'awa. Sukan yanka yadin auduga ƙanana-ƙanana, su harhaɗa su su fitar da zane, su shimfiɗa auduga a ƙarƙashi, su sa wani yadin a baya, sannan su bi hawa ukun da ɗinki har su zama abu guda. Wanda ya taɓa duba lifidin dawakin sarki da kyau ya san irin aikin. Kowace shekara akan yi babban baje kolin irin waɗannan barguna a birnin Houston na jihar Texas, kuma a 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga barguna na matan ƙauyen Gee's Bend da ke Alabama a jikin kan sarki. Har yau masu wannan sana'a suna rububin wani ɗan ƙaramin keke baƙi, Singer Featherweight, wanda ya fito a 1933, nauyinsa kamar kilo biyar, saboda miƙewar ɗinkinsa da sauƙin gyaransa.

Kekunansu suna saurin neman kulawa, kuma da dalili. Auduga ce sama, auduga ce ƙasa, zaren ma sau da yawa na auduga ne. Kowace sukar allura tana kakkaɓo ɗan ɓurɓushi, bargo guda kuwa yakan ci suka dubbai a kan dubbai. Ɓurɓushin yakan taru tsakanin haƙora, ya dunƙule ya yi tauri har ya hana su ɗagowa sosai, sai yadi ya riƙa tafiya da ƙyar, ɗinki ya gajarce. Yakan shiga gidan kwarkwaro ya tsotse man da ke wurin, ƙarfe ya koma gugar ƙarfe. Ga kuma mahaɗar ƙyallaye, inda yadi kan ninku shida ko takwas a wuri ɗaya. In allura ta faɗa can da gudu takan kauce kaɗan ta bugi faranti ko tsinin ƙugiya, ta bar ɗan kaushin da ido ba ya gani, amma kullum zare ya bi ta wurin sai ya tsinke. Sannan aikin ba ya yafe kuskure: bakin ɗinkinsu rubu'in inci ne, wato milimita shida da 'yan kai, in keke ya riƙa karkata ko da kaɗan, kafin a haɗa ƙyalle ashirin a jere kusurwoyi sun daina haɗuwa.

Abin da mai keke zai yi da kansa

Yawancin abin da ake ɗora wa keke laifi ba ya buƙatar makaniki. Na farko allura. Tana dakushewa tun ba a lura ba, shi ya sa masu yin ta ke ba da shawarar a canja ta bayan kamar awa takwas na ɗinki. Lambobin da ke jikinta ma suna da ma'ana: 80/12 na nufin kaurinta kashi takwas cikin goma na milimita ne, 90/14 ta fi ta kauri, ita ta dace da ratsa hawa uku. In aka sa ta a juye, ko ba a tura ta har ƙarshe ba, ƙugiya ba za ta sami kunnen zare ba.

Na biyu sa zare. Ko ka san cewa idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, galibi matsalar daga sama take? Zaren sama yana bi ta tsakanin wasu fayafai biyu da ke matse shi. Ba sa buɗewa sai an ɗaga madannin yadi. Wanda ya sa zare madanni na ƙasa, zaren bai shiga tsakaninsu ba, sai ya riƙa zuba ƙasa ba mai riƙe shi.

Na uku shara da mai. A cire faranti, a share da ɗan buroshi bayan kowane kwarkwaro biyu ko uku. Kada a hura da baki, domin iskar tana tura datti can ciki, danshin numfashi kuma yana kawo tsatsa. Man keke fari ne, tsararo, ɗigo ɗaya ya ishi kowace gaɓa. Man gyaɗa ko na girki yakan daskare ya zama danƙo, baƙin man mota kuma ya yi kauri, ga ɓata yadi. Kekunan zamani masu kwamfuta da yawa ba a so a ɗiga musu mai sai inda littafinsu ya nuna.

Aikin makaniki

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a kai keke sabis sau ɗaya a shekara, mai yawan ɗinki kuwa ya fi haka. Makaniki zai buɗe murafen da mai keke ba ya taɓawa, ya wanke tsohon man da ya bushe, ya sa sabo, ya duba bel da injin lantarki. Zai laluba tsinin ƙugiya da ramin faranti ya goge kaushi. Sannan ya zo kan babban aikin: daidaita tsayin sandar allura, lokacin isowar ƙugiya, tsayin haƙora, da ƙarfin jan zaren sama da na ƙasa. Keken da aka ajiye shekaru ba a taɓa ba shi ma yana buƙatar wannan, don mai yana bushewa ya riƙe ƙarafa, har a ga keke sabo fil amma ya ƙi juyawa.

Wajen sauƙin gyara, baƙin keken Butterfly da ya cika shagunan teloli da ɗakunan amare a ƙasar Hausa yana da fifiko. A Shanghai ake yin sa, a kan tsarin tsohon Singer mai lamba 15, ƙarfe ne kusan gaba ɗaya, kuma kayan gyaransa suna ko'ina a kasuwa. Babban abokin gabarsa ƙurar hunturu, wadda in ta haɗu da mai sai ta riƙa cin ƙarfe a hankali, don haka rufe shi bayan aiki rabin sabis ne.

Ranar kai keke gyara, a tafi da kwarkwaronsa, da zaren da aka saba amfani da shi, da ƙyallen da ke nuna matsalar. Ranar karɓowa kuma kada a wadatu da gwajin da makaniki ya yi a kan yadi mai hawa biyu. A gwada shi nan take a kan irin kaurin da za a ɗinka, a duba sama da ƙasa. In ba a ga ƙullin zare a kowane gefe ba, ya ɓuya a tsakiya, to aiki ya yi.