Ƙwayar da aka sha a Daura, tambayar da za a yi a Legas

Duk wanda ya san hanyar Daura zuwa Kongolam ya san cewa ba buhunan gero da dabbobin kasuwar Mai'aduwa kaɗai ke bin ta ba. Tiramol ma na bi, kamar yadda kwalaben kodin suka yi ta yawo kafin gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Wani bincike kuma ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya a shekarar 2017. Cikinsu akwai 'ya'yanmu na Zango da Ɓaure da Sandamu, kuma wani cikinsu wata rana ɗan'uwa ko mata za su nema masa takardar zama a Amurka.

Bizar zama ba irin ta ziyara ba ce. A ofishin jakadancin Amurka na Legas ake tantance ta, kuma kafin ganawa dole mai nema ya je wurin likitan da su suka amince da shi. Zai tambaye ka kai tsaye: ka taɓa shan wiwi? Ƙwaya fa? Yaushe rabonka da ita? Wannan likita ba naka ba ne, domin rahotonsa na zuwa hannun jami'in biza.

Sashe na 212 na dokar shige da fice ta Amurka, wadda aka kafa a 1952, ya ɗauki lamarin ta fuska biyu. Ta fuskar lafiya, likita na duba alamomi 11 na kamuwa, irin su kasa dainawa, ƙara yawan abin da ake sha, da sakin aiki ko karatu saboda shi. Biyu sun isa a ce mutum ya kamu, a hana shi biza. Sai dai wannan hani yana da ƙarshe. Idan ya yi wata 12 cur bai sha ba, likita ya tabbatar, ana iya sake duba takardunsa.

Fuskar laifi ita ce mai ɗaci. Wanda kotu ta taɓa samu da laifin ƙwaya, ko a Katsina aka yanke hukuncin, ko kuma ya amsa laifin da bakinsa a gaban jami'i, haninsa na har abada ne. Sassaucin da doka ta bari ɗan kaɗan ne: laifi guda na riƙe wiwi da bai wuce giram 30 ba. Tiramol da kodin ba su cikin wannan rangwame. Kada kuma a ruɗu da labarin cewa an halatta wiwi a Kalifoniya. Biza ta gwamnatin tarayyar Amurka ce, kuma a wurinta haramun ne. Wanda ya ɓoye gaskiya aka gano, shi ma haninsa ba ya da wa'adi.

Abin da ya fi damuna shi ne uban da ransa ya ɓaci, ya ce a kai yaron kotu ya ɗanɗana kuɗarsa. Na fahimci zafin, wallahi, amma Baba, hukuncin nan zai bi shi har furfura. In da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato aka kai shi, takardar da zai fito da ita shaida ce ta warkewa, wadda zai iya ajiyewa gaban likitan Legas.