Alcee Hastings: Alƙalin da majalisa ta tsige, ya dawo mata a matsayin ɗan majalisa

A ranar 20 ga Oktoban 1989 ne Majalisar Dattawan Amurka ta tsige Mai Shari'a Alcee Hastings daga kujerarsa, bayan sanatoci 69 sun same shi da laifin haɗa baki don karɓar cin hanci, 26 kuma suka ƙi amincewa. Bayan shekara uku, al'ummar Florida suka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai, inda ya zauna tare da waɗanda suka tuhume shi.

An haifi Hastings a 1936 a garin Altamonte Springs, lokacin da doka ta hana baƙaƙe da turawa shiga makaranta ɗaya a kudancin Amurka. Ya kammala karatun lauya a Jami'ar Florida A&M a 1963, sannan ya yi suna a birnin Fort Lauderdale wajen kare haƙƙin baƙar fata.

A 1977 ya zama alƙalin kotun jiha, kuma a 1979 Shugaba Jimmy Carter ya naɗa shi alƙalin kotun tarayya. Shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera a Florida.

Matsalarsa ta fara ne a 1981. Wani jami'in hukumar FBI ya ɓad da kama, ya je wa abokinsa, lauya William Borders, a matsayin wanda ke neman sassaucin hukunci, aka daidaita a kan dala 150,000. Don ya nuna cewa da sanin alƙalin, Borders ya faɗi lokacin da Hastings zai je cin abinci a otal ɗin Fontainebleau, kuma ya je.

Kotu ta ɗaure Borders, amma a 1983 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Hastings, wanda ya dage cewa abokin nasa ya yi amfani da sunansa ne kawai.

Sai dai alƙalai 'yan'uwansa ba su gamsu ba. Bincikensu ya nuna cewa ya yi ƙarya a gaban kotu, kuma a 1988 'yan Majalisar Wakilai 413 suka amince a tuhume shi, uku kacal suka ƙi. John Conyers, baƙar fata kuma ɗan gwagwarmaya, shi ya jagoranci kwamitin binciken, abin da ya raunana zargin cewa wariyar launin fata ce.

Tsarin mulkin Amurka ya ba sanatoci damar haramta wa wanda suka tsige riƙe muƙami har abada, amma ba su yi hakan ba. Ta wannan ƙofa ya shiga zaɓen 1992, ya ci, ya kuma ci gaba da lashe kujerar har ƙarshen rayuwarsa.

Duk da haka tabon bai goge ba. A 2006 Nancy Pelosi ta ƙi ba shi shugabancin kwamitin harkokin leƙen asiri, bayan an sake tono batun tsigewar.

Hastings ya rasu ranar 6 ga Afrilun 2021 yana da shekara 84, bayan fama da kansa. Ya shafe shekara 28 a majalisa, kusan ninki uku na zamansa a kotun tarayya.