Wutar rana: ina aka kwana?

'Yan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san ba a auna gona da baki, sai an ƙidaya dammuna a gaban rumbu. To, yau ƙidayar wutar lantarki za mu yi.

A shekarar 2015 ƙasashen duniya sun taru a birnin Paris, suka yi alkawarin rage hayaƙin da ke ƙara zafi, yana rikita damina. Nijar ta sa hannu. Ta ce kafin 2030 kashi 30 cikin 100 na makamashinta zai fito daga abin da ba ya ƙarewa, wato rana da ruwa da iska. Hayaƙinmu kaɗan ne ƙwarai, amma fari mu yake ci.

Me aka girbe? A 2018 an buɗe tashar hasken rana ta Malbaza, cikin jihar Tawa, mai megawat 7. A 2023 ta Goru Banda, kusa da Yamai, ta soma aiki da megawat 30. Ta zo kan kari. A watan Agusta na wannan shekara Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da muke sha, ba ta maido ba sai a 2024. Mutanen birni sun ji a jikinsu.

Babban dami kuwa bai shigo ba. Madatsar Kandaji, bisa kogin Isa, an shirya mata megawat 130. Tun 2008 aka aza tubalinta, aikin ya yi ta tsayawa yana tashi.

Wannan lissafin Yamai ke nan. Kai ma da ka iya karatu kana da naka. Ɗauki takarda, ka rubuta: faifan rana nawa ke garinku? Nawa ke aiki? Famfon rijiyar lambu yana ɗebo ruwa, ko ya mutu tun bara? Firjin allura na likita yana sanyi? Sau da yawa faifan lafiya lau yake, ƙurar hunturu ce ta rufe shi, ko batir ya tsufa, ba wanda ya tara kuɗin sabo. A cikin littafin ma'aikata kuwa har yanzu yana nan a rubuce "yana aiki".

Idan ka gama, ka sa kwanan wata, ka kai wa maigari da malamin gona. Baɗi warhaka ka sake ƙidaya.